Tambaya Ta Sha Bakwai

Asubar Talata na bar Agege
a ɗanfo mai tsagaggen gilashi,
rasit a aljihu, carbi a hannu,
farar shaddata na goge tun dare
da dutsen gawayi, don ba a kawo wuta ba.

A kan doguwar gada, ruwa hagu, ruwa dama,
masunta na jefa taru a ƙarƙashinmu,
ni kuwa ina ta bitar sunan garin Ramlatu
da harshena ya kasa lanƙwasawa.
Can ta haihu, ta sa wa yaron sunana.
Inuwa ƙarami, wata huɗu,
ban taɓa jin nauyinsa a cinyata ba.

Sati shida baya, a wani shago a Ikeja,
Kunle mai cike wa mutane fom
ya tsaya a tambaya ta sha bakwai, ya ɗago kai:
"Baba, an taɓa ɗaure ka?"
Na ce an taɓa.
Ya ce, "Mu sa a'a. Wa ya sani?
Fayil ɗin wancan zamani ai gara ta cinye."
Na ce gara takarda ta ci, ba ta ci ni ba.

Ina ɗan ashirin da biyu, a Alaba,
wani ya kawo janareto bayan isha, rabin kuɗi.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Na sani. Na saya.
Wata goma sha takwas a Kirikiri,
wake mai tsakuwa, kuɗin cizo, bokiti ɗaya mu arba'in.
Can wani tsoho ɗan Ijebu ya koya mini naɗin waya,
sana'ar da har yau ba ta bar ni da yunwa ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Yara goma sha huɗu na yaye a rumfata,
kuɗin adashin layinmu a hannuna yake kwana,
makullin asusun masallaci na rataye a wuyana.
Duk wannan fom bai bar masa gurbi ba.

A Lekki, bayan gilashi, yarinya mai murmushi
ta miƙo ambulan ba ta dube ni ba.
Fasfo na nan fes, babu tambari.
Takarda ɗaya, Turanci mai nauyi,
babu sunan mutum a ƙasa, sai lamba.
Kuɗin wata uku na gumi kuma,
ta ce ba a mayarwa, ba laifinta ba.

Da dare na ɗauki hoton takardar na tura,
sai da ta tafi na tuna:
ban taɓa gaya wa Ramlatu Kirikiri ba.

Ta kira. Fuskarta na tsinkewa tana dawowa.
Ta ce, "Baba, sun ce saboda hali ne."
Na ce na ji.
An ce hali zanen dutse,
amma ni na ga teku ta cinye bakin gaɓa a garin nan,
na ga an cike ruwa an kafa benaye.
Sai ni kaɗai aka ce ba zan sake ba?

Na buɗe baki in fara daga Alaba,
ta ce, "Bari. Inna ta faɗa mini tun ina aji uku,
ta ce in riƙe, kada ka ji kunya."
Allah ya jiƙan Hansatu,
shekara tara a kabari, ba ta daina rufa mini asiri ba.

Sai ta ɗago yaron.
Ya kai wa wayar cafka, ya sa a baki,
na ga duhu, na ga dasashi, na ji numfashi.
Iyakar shigata ƙasarsu ke nan.

Da safe Mama Ngozi ta turo janaretonta a baro,
ta ce, "Sai na dawo daga kasuwa,"
ta juya ta tafi.
Ba ta nemi rasit ba.